Makullin Ruwan Garka Da Ya Ƙi Rufewa

(Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal ɗinmu ya yi gaban taron ƙungiya a nan Ɗan Gulbi. Mun buga shi duka saboda ƴan'uwa na nesa da ba su samu zuwa ba.)



Ranka ya daɗe maigari, Allah gafarta malamai, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena da kunka zo daga Maraɗi da Yamai da Agadas da Kano, ina yi muku barka da hanya. Shugaban ƙungiya ya ce in tashi in yi bayani bisa abin da ya faru ga garkar mata, tun da ni anka ba riƙon littafin garka. Ni ba makanike ba ne, alli da allo na sani. Amma na buɗe abin da hannuna har sau uku, kuma akwai maganar wani dattijo a ciki wadda ba ta kamata a bar ta haka nan ba. Don haka ku yi haƙuri da ni.

Tarihin garkar nan dattawa sun fi ni saninshi, don ba a haife ni ba lokacin yunwar 1984, wadda kuke ce ma El-Buhari. Bayanta ne gwamnatin Seyni Kunce ta matsa ma jama'a su kama noman rani. Iyayenmu mata sunka yi shekaru suna jan wasaki a rijiya mai zurfi, cikin Gulbin Kaba da suna kawai ya rage mishi na gulbi. Igiya ta ci hannuwansu. Shi ya sa da ku ƴan bida kunka haɗa kuɗi anka yi foraji, anka aza pano bisa, anka tada shato, anka shimfiɗa tiyo mai ɗigo cikin fangali, babu wanda bai sa muku albarka ba. Daga baya anka ƙaro abu biyu: agogo mai batir, da makullin ruwa mai aiki da kuran, wanda ake ce ma elektiroban da Faransanci. Agogo shi ke ba makulli umurni, ya buɗe da la'asar, ya rufe kafin magariba, ko da babu kowa a garka.

Irin wanga aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Wani ɗan Nijar, Abdu Maman Kane, ya ƙago dabarar ba garka ruwa daga nesa da wayar salula, har ya samu babbar kyautar ruwa ta Sarki Hasan na Biyu a 2015, a birnin Daegu na Koriya ta Kudu. Namu ba nashi ba ne, a kasuwa anka sayo mana. Na faɗi haka don kada wani ya ce kayan Nasara ne da ba su karɓi ƙasarmu ba. Suna karɓa, in an san halinsu.

To, ga abin da ya faru. Wata safiya cikin Janairu na 2024, ana tsakar ɗari, mata sunka zo robine ɗibar ruwa sunka tarar babu ko ɗigo. Shato ya ƙafe ƙaf. Anka ruga garka, anka iske fangalin albasa da na shu sun zama tabki, irin salati da anka dasa kwana huɗu ya kwanta cikin taɓo. Makulli ya buɗe da la'asar yadda ya saba, bai rufe ba, ruwa ya kwana shina zuba. Kun kuwa san fanfonmu da rana yake aiki. Sai da hantsi ya ɗaga sosai kana ruwa ya fara hawa shato. Ran nan yara da yawa ba su zo lakwal da wuri ba, an aike su tsohuwar rijiya da jakkai. Bisashe sunka yini suna kuka bakin kwami.

Kafin azahar magana ta gama gari, wai Baba mai tsaron garka ne ya buɗe ma wani ruwa da dare don a ba shi na goro, ya manta bai rufe ba. Wasu sunka buga muku waya, ku kuma ranku ya ɓaci, kuma kuna da gaskiyar ɓacin rai, guminku ne. Akwai wanda ya ce a sallame shi. Akwai wanda ya ce a cire makullin a jefar, a aiko da sabo daga Kano. Wata gwaggona ma cewa ta yi mutanen ɓoye ne, don wurin tsohuwar tsamiya anka kafa shato.

Kafin in faɗi abin da munka gani, sai na bayyana yadda abin ke aiki, don duk maganar nan take. Ni kaina da farko na zaci kuran ne ke tura ƙofa ya rufe ta, kamar yadda hannu ke murɗa robine. Ashe ba haka ba ne. Batir ɗan ƙarami mai bolt 9 ba shi da ƙarfin tare ruwan shato. Ruwa ne ke rufe ruwa.

Ku ɗauka bakin tulu ne anka aza mishi faifai. Cikin makulli akwai faifan roba mai laushi zaune bisa bakin da ruwa ke bi. Ruwan shato na tura shi daga ƙasa, shina so ya ɗaga shi ya wuce. Amma jikin faifan nan, ko kusa da shi, akwai wata ƴar huda, ba ta fi bakin allura ba sosai. Ta nan ruwa ke sulalewa ya hau bisa, ya cika wani ɗan ɗaki da ke saman faifai. Sai ya zama kokowa ce, ruwa ƙasa, ruwa bisa, kuma ƙarfinsu guda tun da shato guda sunka fito. Wa zai kada wani? Na bisa ne, domin shi ya kama faifan gaba ɗaya, na ƙasa kuwa wani yanki kawai yake dafawa. A ajin CM2 muna koya ma yara lissafin fili, ga amfaninshi. In ruwa na danna kilo 1 bisa kowane santimita murabba'i, wanda ya kama santimita 20 ya fi wanda ya kama 8. Akwai kuma wani ɗan resor da ke taimakon na bisa. Shi ke nan faifai ya zauna daram, ruwa ya tsaya.

To mene ne aikin kuran? Bisa murfi akwai wani abu baƙi mai waya biyu, shi ne bobin. Cikinshi akwai naɗin waya da wani ɗan ƙarfe kamar guntun ƙusa. In agogo ya aiko kuran, naɗin wayar ya zama mayen ƙarfe, ya ja guntun ƙusar bisa, sai wata ƙaramar hanya ta buɗe, ruwan ɗakin bisa ya tsiyaye ya bi tiyon garka. Ɗakin bisa ya rasa ƙarfi, na ƙasa ya ɗaga faifai, ruwa ya wuce. In lokacin rufewa ya yi, ƙusar ta koma ta toshe hanyar, ɗakin bisa ya sake cika ta ƴar hudar nan sannu sannu, faifai ya sauka. Shi ya sa ba ya rufewa farat ɗaya, sai an ƙirga kamar goma ko fiye.

Kun ga ke nan, duk abin da ya hana ɗakin bisa cika, ko ya hana faifai zama daidai, zai bar makulli buɗe, ko da batir sabo ne, ko da agogo lafiya lau yake.

Mu da yaron da ke kula da pano, ɗan wajen ƙanen maigari, munka fara da abin da ba ya son kwancewa. Munka rufe babban robine na hannu da ke gindin shato tukuna. Munka duba kibiyar da ke jikin makulli ko tana kallon garka, don in anka ɗaura shi baibai ba zai yi aiki daidai ba. Tana daidai. Munka taɓa bobin ko ya sassauta. Wanga wuri ku riƙe shi da kyau: in ka murɗa bobin kaɗan wajen hagu, kamar rubu'in kewaye, makulli zai buɗe ba da kuran ba. An yi shi haka da gangan don a iya ba da ruwa da hannu. Haka nan akwai wani ɗan bis bisa murfi, in anka sassauta shi ruwan ɗakin bisa ya fita, makulli ya buɗe. Yaro mai wasa na iya yin haka. Da a ce mutum ne ya buɗe da dare, ɗayan biyun nan za mu tarar a sassauce, ko mu iske an taɓa agogo, shi kuwa agogo cikin akwati yake, makullin akwatin na aljihuna. Munka tarar da su duka a ɗaure tam.

Sai batir. Makullai iri biyu ne. Akwai mai aiki da kuran bolt 24, irin na gidajen birni. Shi muddin kuran na zuwa a buɗe yake, da an yanke ya rufe. Gwajinshi da sauƙi: ka cire waya guda, in ya rufe laifin agogo ne, in bai rufe ba laifin na ciki. Namu ba irinshi ba ne. Namu mai batir ne, bugu guda ake aika mishi ya buɗe ya tsaya haka, sai an sake aika wani bugun kana ya rufe. In batir ya yi sanyi tsakanin bugun farko da na biyu, ruwa ya kwana zuba, kuma cire waya ba ya rufe shi. In kuma anka juya jar waya da baƙa, sai ya riƙa buɗewa lokacin rufewa. Munka sa sabon batir, munka kanga kunne, munka ji ƙusa ta yi ƙas. Bobin na aiki ke nan. Munka buɗe robine, ruwa ya ci gaba da wucewa abinshi.

Daga nan babu sauran dabara sai buɗewa. Munka sake rufe robinen shato, munka bari ƙarfin ruwa ya faɗi, don in ba haka ba resor da ƙusa na iya tsalle su faɗa cikin rairayi, kuma wanda ya taɓa neman allura cikin rairayin Ɗan Gulbi ya san abin da nike nufi. Munka shimfiɗa farin ƙyalle, munka kwance bis na murfi da turnabis, wanda ku na Kano kuke ce ma sukundireba, muna aje kowane abu bi da bi yadda ya fito, don mu san yadda za mu maida shi.

Jama'a, abin da ya ƙafar da shato, ya kashe salatin mata, ya kusa raba dattijo da mutuncinshi, ga shi nan cikin wannan kwalin ashana, na aje shi don ku gani. Ɗan tsakuwa ne, bai kai ƙwayar hatsi ba. Bisa bakin da faifai ke zama munka same shi, ya tokare. Ita kuma ƴar hudar rairayi ya cushe ta. Na ɗaga faifan wajen rana ban ga haske ta cikinta ba.

Munka wanke da ruwa tsabtatacce da tsohon buroshin haƙori. Hudar kuwa da lallausan tsinken tsintsiya munka buɗe ta. Kada wanda ya sa ƙusa ko allura mai kauri. In hudar ta faɗaɗa, makullin da ya ƙi rufewa zai koma ƙin buɗewa. Kada kuma a shafa man mota ko giris, suna ɓata roba. Na ja faifan a hankali ina duba ko ya tsage, don in ya tsage wanki ba ya maganinshi, sai sabo. Lafiya lau yake. Munka kwance bobin munka wanke ƙusar, munka tabbata tana motsi kuma ɗan zoben robarta na nan. Kafin mu rufe, munka saki ruwa kaɗan murfi na buɗe, ya fito da sauran rairayin da ke cikin tiyo, ya kusa cika tafin hannu. Munka maida komi, munka ɗaure bis ɗaya nan ɗaya can kamar mai ɗaure ƙafar mota, munka buɗe robine sannu sannu. Karon farko ya daɗe bai rufe ba saboda iska ta shiga ɗakin bisa, har gabana ya faɗi. Karo na biyu ya rufe.

Na zaci magana ta ƙare. Bayan sati biyu sai ga Baba da kanshi ƙofar gidana da dare, da tocila, ya ce mini: "Mushe, taso, abinku ya sake." Shi ya rufe robinen shato da hannunshi kafin ya zo, shi ya sa ba ku ji labarin wannan ba. Munka buɗe da safe, rairayi kaɗan ne, bai kai ya hana rufewa ba. Na rasa ta cewa. Baba ne ya lura da abin da ban lura ba. Ya ce duk ranar da abin ke gardama, ranar ƙura ce, ranar da hazo ya rufe rana fanfo bai cika shato ba, kuma mata na ɗiba a robine lokacin.

Nan na koma ga takardar da ta zo cikin kwali, wadda ba wanda ya karanta, har da ni. An rubuta makullin na son ƙarfin ruwa aƙalla bar 1. Abin da anka koya mana a ekol normal ya dawo mini: tsawon mita 10 na ruwa shi ke ba da kusan bar 1. Munka auna. Ƙafafun shatonmu mita 6 ne, tankin mita 2, garka kuma ta gangara ƙasa da gindin shato kamar mita 2. In shato ya cika maƙil, mita 10 ke nan, daidai bakin iyaka. In ya kusa ƙarewa, mita 8. In ana ɗiba a robine, abin da ke isa garka ya ƙara raguwa. Kokowar da na faɗa muku sai da ƙarfi ake yin ta; in ruwan ya yi laushi, na bisa ba ya iya danne faifai har ƙasa.

Wani zai ce to ai tiyon ɗigo na aiki lafiya. Gaskiya ne, shi ba ya son ƙarfi da yawa. A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, tun farkon shekarun 2000 an nuna ana ba garka ruwan ɗigo da tanki wanda bai wuce kamar mita 1 daga ƙasa ba. Tiyon bai da laifi. Makullin ne anka yi domin gidajen da ruwan fanfo ke zuwa da ƙarfi. Ban ga laifin ɗan'uwan da ya sayo ba, abu mai kyau ya zaɓa, kuma ba wanda ya gaya mishi tsawon shatonmu.

Abin da munka yi na wucin gadi biyu ne. Bisa murfin akwai wata ƴar mariƙa ta rage gudun ruwa. Munka murɗa ta ƙasa kaɗan, don faifai ya rage nisan da zai sauka, kuma ya fi saurin rufewa. Munka kuma maida lokacin ban ruwa wajen ƙarfe 2 na rana, sa'ad da fanfo ke aiki shato na cike. Na sani ba shi ne lokacin da ya fi ma shuka daɗi ba, mata sun faɗa mini, amma da ɗigo ɓarnar ba ta da yawa. Tun ran nan bai sake kwana buɗe ba. Wani abu kuma: in makulli ya rufe kunka ga fangalin da ke gangare na ɗiga na ɗan lokaci, kada a tada hankali, ruwan da ya rage cikin tiyo ne ke tsiyayewa. In ya wuce rabin awa bai tsaya ba, a zo a kira mu.

Yanzu ga abin da nike roƙon taro.

Na farko, filtir. Forajinmu na jawo rairayi, kuma wanda anka sa mana bayan makulli yake, shina tsaron tiyo ya bar makulli a fili. A sayi wani mai lamba 120 a sa tsakanin shato da makulli, a riƙa wanke shi duk Juma'a da safe, don filtir da ya cushe shi ma shina rage ƙarfin ruwa. Shugabar mata ta ce su za su ɗauki wankin, in an nuna musu. Na fi yarda da su bisa ga samari, don su ba su tafiya bida.

Na biyu, in za ku aiko da wani makulli, don Allah kada ku aiko da irin wannan. Ɗaga shato ya fi ƙarfin asusunmu. A nemi wanda anka yi don ruwan tanki, ko irin mai ɗan moto da ke murɗa robine da kanshi, shi bai damu da ƙarfin ruwa ba, sai dai a tambaya ko agogonmu na iya tada shi. Mai saye a Maraɗi ko Yamai ya duba inda anka rubuta pression minimale, ya zama ƙasa da rabin bar. Mai saye a Kano zai ga lissafin da PSI ne. PSI 15 kusan bar 1 ke nan, a nemi wanda bai kai 7 ba. Bakin tiyonmu inci 1 ne. Kafin nan, faifan roba guda na ajiya da batir biyu sun ishe mu, kuma a sake batir duk farkon noman rani ko da bai mutu ba.

Na uku shi ya fi nauyi. An faɗi magana bisa Baba mai tsaron garka, ta tafi har Agadas da Kano ta waya, kuma zato zunubi ne. Ni ma da anka tambaye ni ran nan cewa na yi ban sani ba, alhali makullin akwati na aljihuna, ya kamata in ce a dakata. Baba, ga ni gaban jama'a, ka yafe mini. An riƙe mishi kuɗin watan Janairu ana jiran bincike. Bincike ya ƙare, ga shi cikin kwalin ashana. Ina roƙon ma'aji ya ba shi kuɗinshi yau kafin a watse, a kuma rubuta cikin littafin ƙungiya cewa ba shi da hannu. Ina kuma roƙo a ba shi makullin akwatin agogo na biyu, tun da shi ke kwana kusa da shato, ni kuwa gidana na bayan lakwal.

Wanda ke son ganin cikin makullin da idonshi, gobe bayan sallar la'asar za mu buɗe shi a garka, mu da mata huɗu da za su koyi wankin filtir. A zo da farin ƙyalle.